Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne: Muhawara Kan Masu Fita Kamun Kifi a Teku da Ruɓaɓɓen Jirgi

Ƙaramin Masunci:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wasu labarai da masuntan teku ba sa gajiya da bayarwa, kuma duk wanda ya ji sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Akwai na mutumin da ya ɗaga anga, wato ƙarfen da ake sakawa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi wuri ɗaya, ya wurga ta cikin ruwa da iya ƙarfinsa, ya tsaya yana kallon igiya tana bin ta har ƙarshenta ya shige, sai a lokacin ya tuna bai ɗaure ta a jikin jirgi ba. Akwai na wanda ruwa ke shigo masa ta wani rami, sai ya huda rami na biyu wai don ruwan ya samu ƙofar fita. Akwai na mutum huɗu da suka fita tun asuba, uku na kwarfar ruwa ɗaya na riƙe da fatsa, suka dawo da kifi biyu. Akwai kuma na injin da ya suɓuce daga bayan jirgi ya faɗa teku yana kan aiki, ya bar matuƙi da hannu a miƙe. Wanne ne ƙarin gishiri irin na masunta, wanne ne ke faruwa da gaske? Kuma me ke jawo su?

Baba Matuƙi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na angar nan gaskiya ne, kuma zai ci gaba da faruwa muddin mutane na fara aikin daga inda ya kamata su gama shi. Ƙarshen igiya ake fara ɗaurewa a goshin jirgi tun ana tudu, kafin a tayar da inji. Sannan anga ba wurga ta ake yi ba. Sauke ta ake yi a hankali, jirgi na ja da baya kaɗan kaɗan, domin wadda aka wurga sarƙarta kan naɗe mata haƙora, ta isa ƙasa ba ta iya kama komai. Tsawon igiya ya kai ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwa. Idan zurfin mita 10 ne, to a saki mita 50 zuwa 70. A sa sarƙa ta mita 3 zuwa 5 tsakanin anga da igiya, ita ce ke kwantar da jan a ƙasa har haƙoran su nutse cikin yashi. Kuma kada ƙafar kowa ta kasance cikin naɗin igiya lokacin da take fita.

Abin da ya fi rashin ɗaurewa muni shi ne ɗaure anga a bayan ƙaramin jirgi. Baya shi ne wuri mafi kusa da ruwa, ga nauyin inji, ga tankin mai. A shekarar 2009, a Tekun Meziko daura da Florida ta Amurka, wasu abokai huɗu sun fita kamun kifi a jirgi mai tsawon mita 6 da 'yan kai. Angarsu ta maƙale, suka mayar da igiyar baya suka ba inji wuta don su tumɓuke ta. Igiyar ta janyo bayan jirgin ƙasa, ruwa ya hau, jirgin ya kife. Mutum ɗaya aka samu da rai bayan kusan kwana biyu, kuma biyu daga cikin waɗanda suka rasu ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka ne, masu ƙarfin jiki. Angar da ta maƙale, a ɗaura wa igiyarta jarka a bar ta, a dawo wata rana.

Malama Injiniya:
Baba ya gama da anga. Ni na rami na biyu zan taɓa, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa. Jiragen faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam) da na alminiyum suna da ramin zubar da ruwa a ƙasan allon baya inda ake rataye inji, wanda ake toshewa kafin a tura jirgi cikin ruwa. Wanda ya manta matoshin, idan injinsa na da ƙarfin da zai ɗaga jirgi ya riƙa sulɓi a saman ruwa, to gudun kan buɗe wuri a bayan allon, ruwan da ya shigo ya koma ya fita ta ramin da ya shigo. Shi ya sa ake ba da labarin mutumin da ya yi ta zagaye da gudu ya kasa tsayawa har mansa ya ƙare. Da zarar an rage wuta, ruwa ya dawo. Amfanin dabarar kawai ta ba ka minti biyu ka cusa matoshi ta ciki. A ɗaure matoshi na biyu da zare kusa da ramin.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Rami mai faɗin santimita 2.5, idan yana santimita 30 ƙarƙashin ruwa, yana shigo da lita 45 zuwa 70 a minti ɗaya, gwargwadon yadda bakinsa yake. Idan faɗin ya ninka ya zama santimita 5, ruwan ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, wato lita 180 zuwa 280. Kuma jirgi na yin nauyi ramin na ƙara nutsewa, ruwan na ƙara ƙarfi. Litar ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya. Ku lissafa minti goma.

Yaya Mai Faiba:
To ai shi ya sa aka yi famfon lantarki, Malama. Mutum ya sa famfo mai kunna kansa idan ruwa ya taru, ya huta da bokiti. Labarin mutum uku na kwarfa ɗaya na kamu, zamaninsa ya wuce.

Oga Makanike:
Yaya, ban yarda ba. Lambar da aka rubuta a jikin famfo an auna ta ne ba tare da tiyo ba, ba tare da hawa ba, da cikakken batir. Ƙaramin famfon da aka rubuta wa galan 500 a awa, wato kimanin lita 32 a minti, da ka sa masa tiyo mai lanƙwasa ya ɗaga ruwa mita ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi ya tafi. Kwatanta da lissafin Malama: ramin santimita 2.5 kaɗai ya fi ƙarfinsa. Ga ɓawon kifi da guntun zare da leda da ke toshe masa rariya. Ga wayar da aka haɗa da murɗawa aka naɗe da salatif, ruwan gishiri ya cinye ta ta koma kore. Ga batir da aka ajiye a ƙasan jirgi, shi ne farkon abin da ruwa zai rufe.

Famfo na ruwan sama ne da feshin igiyar ruwa da ɗan yoyo. A sa shi, amma a ɗaga batir sama cikin akwati mai murfi, a sa fis, a yi haɗin waya sama da inda ruwa ke kaiwa. Bokiti kuwa ba a barin sa. Bokitin lita 10 duk daƙiƙa 6 lita 100 ke nan a minti, sai dai babu mai jure wannan na tsawon lokaci, dole a riƙa karɓa-karɓa. Bokiti biyu, kowanne da igiyarsa a ɗaure, saboda bokitin da ba a ɗaure ba yakan bi ruwan da aka watsa.

Baba Matuƙi:
Kuma kafin kwarfa, toshewa. A tanadi turakun katako mai laushi da aka fiƙe, manya da ƙanana, da tsumma da guduma. A naɗe turke da tsumma a buga cikin rami, katakon zai sha ruwa ya kumbura ya kama. Idan tsagewa ce, a danna matashi ko riga a kai, a ɗora allo, a tokare da filafili. In ramin na kusa da saman ruwa, mutane su koma ɗaya gefen a hankali don ya ɗago.

Malama Injiniya:
Akwai abin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci, wato ruwan da ke kwance a cikin jirgi. Jirgi mai shimfiɗar ciki mita 6 da mita 1.5, idan ruwa ya kai santimita 5 kacal, wanda ko idon sawu bai rufe ba, lita 450 ke nan. Nauyin manya shida ne. Bambancinsa da mutane shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi ya ɗan karkata, gaba ɗayansa ya kwarara can gefen, ya ƙara karkatar da shi. Jirage da yawa ba cika suke yi su nutse ba, kifewa suke yi tun ruwan bai kai gwiwa ba. Saboda haka ba a cewa bari mu gama jan koma sannan mu kwarfe.

Malam Kafinta:
Jama'a, duk kuna maganar ruwan da ya riga ya shigo. Mu koma kan ta ina ya shigo. Mafi yawan jiragen da ke cikin labaran nan sabon fenti gare su. Fenti na ɓoye ruɓa, har ma yana ƙara ta, domin yana kulle danshi a cikin katako. Mai sayen tsohon jirgi ya je da tsinken ƙarfe mai kaifi da ƙaramar guduma. Ya bi ƙashin ƙasan jirgi, da gindin haƙarƙari inda ruwan sama ke kwanciya, da allon baya, da kewayen kowace ƙusa. Katako mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, tsinke kuma ba ya shiga sai da ƙyar. Ruɓaɓɓe yana amsawa dum-dum, tsinke ya shige ba tare da an matsa ba. Abin da zai ba wasu mamaki, ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako. Jirgin da aka bari a tudu ruwan sama na taruwa a cikinsa ya fi wanda ke aiki kullum saurin lalacewa. A kife shi, ko a cire matoshi a ɗaga goshinsa.

Ruwan gishiri kuwa nasa maƙiyin daban ne, tsutsar jirgi. Sunan tsutsa kawai ta ci, dangin kawa ce mai ɗan ɓawo biyu a ka da take goge katako da su. Tana shiga tun tana 'yar mitsitsiya ta ramin da bai fi bakin allura ba, ta bi tsawon katako tana ci tana girma, tana shafe ramin da farin alli. Daga waje allo lafiya lau, a ciki ya zama saƙar zuma. A 1503 ita ta cinye jiragen Kolumbus, matuƙin nan da ya ƙetara teku daga Turai zuwa nahiyar Amurka, har ya kai biyun da suka rage masa gaɓar Jamaika ya dasa su a yashi, ya zauna can shekara guda yana jiran ceto. Sojan ruwan Ingila sun gwada lulluɓe ƙasan jirgi da jan ƙarfe a 1761 saboda ita. Tsutsa ta kasa shiga, amma sai aka ga ƙusoshin baƙin ƙarfe na narkewa a inda suka haɗu da jan ƙarfen cikin ruwan gishiri. Darasin nan bai tsufa ba: ƙarfe iri biyu a haɗe cikin ruwan teku, ɗaya zai ci ɗaya. Kada a shafa wa jirgin alminiyum fenti mai jan ƙarfe, kada ma a bar guntun wayar wuta na kwance a ƙasansa.

Maganin tsutsa a ƙaramin jirgi shi ne fentin ƙasa ko kwalta da ba ta da inda ta kankare, da fitar da jirgi tudu lokaci lokaci ya sha iska. Inda yashi ya goge fenti lokacin jan jirgi, nan take shiga.

Yaya Mai Faiba:
Malam, hanya mafi sauƙi ita ce a lulluɓe tsohon jirgin katako da faiba gaba ɗaya. Yoyo ya tsaya, tsutsa ba ta shiga, mai jirgi ya samu ƙarin shekaru.

Malam Kafinta:
Ƙanina, a nan za mu saɓa. Jirgin alluna motsi yake yi. Allo na kumbura idan ya jiƙe, yana tsukewa idan ya bushe, shi ya sa jirgin da ya daɗe a tudu yake yoyo kamar me a ranar farko, bayan 'yan kwanaki a ruwa ya kama kansa. Faiba ba ta bin wannan motsi. Gam ɗin faiba na gama-gari kuma ba ya kama jiƙaƙƙen katako ko mai maiƙo. Bayan wani lokaci fatar ta saki, ruwa ya shiga tsakani ya rasa hanyar fita, katako ya ruɓe a ɓoye. Ranar da igiyar ruwa ta buga da ƙarfi, fatar ta ɓare tun daga goshi. Labarin mutumin da ya taka tsakiyar jirginsa ƙafarsa ta faɗa teku, daga irin wannan gyara yake fitowa.

Yaya Mai Faiba:
Na karɓi rabin maganarka, Malam. A kan jiƙaƙƙen allo ko ruɓaɓɓe, ɓarnar kaya ce. Amma jirgin filawud da aka busar sosai, aka goge har katako ya fito fes, aka yi amfani da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi maimakon gam na gama-gari, yana kamawa ya daɗe. Sharaɗin shi ne a yanke duk ruɓa a sa sabon katako tukuna. Kuma kada masu jirgin faiba su ɗauka sun tsira. Allon bayan yawancinsu filawud ne a ciki aka lulluɓe. Duk ramin noti da aka huda ba a cike shi da gam ba, ruwa na bi ta nan. Gwajinsa: a ɗaga inji sama, a kama ƙafarsa a danna ƙasa da ƙarfi ana kallon allon. Idan ya motsa, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ko ruwa mai launin shayi ya tsattsafo daga ramin noti, wannan jirgi ba na teku ba ne sai an sake allon.

Malam Kafinta:
A kan wannan mun daidaita.

Oga Makanike:
Ga amsar injin da ya faɗa ruwa, ƙaramin ɗan'uwa. Ƙananan injuna da maƙalai biyu masu murɗawa ake kama su a allon baya. Jijjiga na kwance su a hankali. In allon ya yi laushi, maƙalan na nutsewa cikin katako, abin da aka ɗaure tam da safe ya saki da rana. Sai a yi kwana mai kaifi ko a sa giyar baya da ƙarfi, inji ya ɗaga kansa ya tafi. A ƙara murɗa su bayan rabin awa na farko, a haɗa hannayen biyu da zare ko kwaɗo don kada su juya, a ɗaure inji da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin haƙarƙarin jirgi. Inji mai ƙarfin doki 40 ya kai kilo 70, irinsa da noti ake ɗaure shi ta cikin allo, da faffaɗan ƙarfe a ciki don ya raba nauyi.

Amma injin da ya mutu yana rataye ya fi wanda ya faɗa ruwa yawa nesa ba kusa ba. Idan ya mutu, a bi wannan tsari kafin a taɓa sifana. A duba igiyar kashe inji, ko maƙalinta ya fita. A duba ɗan noti na shan iska da ke kan murfin tanki, domin idan a rufe yake inji zai yi 'yan mintoci ya shaƙe, har ka ga tankin roba ya lotsa. A matsa ƙwallon roba na tiyon mai har ya yi tauri, kibiyar da ke jikinsa ta fuskanci inji. A tabbata wani bai taka tiyo ba, ko akwatin kifi bai danne shi ba. Bayan haka a duba ruwa a cikin mai: a zuba kaɗan a kwalba mai haske, ruwa zai kwanta a ƙasa. Sai fulogi. Yawancin labaran mutanen da suka kwance kafireta a tsakiyar teku har ƙananan sassa suka faɗa ruwa, noti na shan iska ne kawai ba a buɗe ba.

Inji mai cin gauraye, wato fetur haɗe da baƙin mai, a bi abin da littafinsa ya ce. Idan 50 da 1 ne, mililita 20 na baƙin mai a kowace litar fetur, wato rabin lita a tankin lita 25. Idan 25 da 1 ne, ninki biyu. Ya yi kaɗan inji ya ƙone, ya yi yawa fulogi ya toshe. A riƙa kallon ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. In ya tsaya a kashe nan take, ko leda ta rufe mashigar ruwa, ko robar famfon da ke jan ruwan sanyaya inji ta mutu. Robar nan daƙiƙu kaɗan na aiki a bushe ke ƙona ta, don haka kada a tayar da inji a tudu don a ji ƙararsa. Sannan a cire farfela lokaci lokaci a duba zaren fatsa da ya naɗe a sandarta. Zaren na yanka robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar madara, giya ta lalace.

Ƙaramin Masunci:
Allah ya saka da alheri, Oga. Mai fa? Nawa ake ɗauka?

Oga Makanike:
Kashi uku ake yi: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Mai lita 60, da ya ƙona 20 ya juyo. Inji mai cin gauraye na doki 40 a cikakkiyar wuta yana shan lita 15 zuwa 20 a awa, ka ga tankin lita 25 ba zai kai awa biyu ba. Rage wuta zuwa kashi uku cikin huɗu na rage sha sosai. Dawowa kuma ta fi tafiya cin mai, ga nauyin kifi, ga iska da kan tashi da rana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, saboda haka babu taba babu ashana lokacin juye mai.

Hajiya Mai Jirage:
Ni fa ku yi haƙuri, dariyar nan ba ta yi mini. Wanda ya dawo shi ke ba da labari. Wanda ya yi kuskure iri ɗaya bai dawo ba, matarsa da 'ya'yansa ba su ga abin dariya ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 1999 cewa masunta 24,000 ke mutuwa a bakin aiki duk shekara, wani bincike na 2022 kuma ya ce adadin ya haura 100,000, akasarinsu masu ƙananan jirage. Tsorona shi ne yaro ya ji ana yi wa mai ruɓaɓɓen jirgi kirari, ya ɗauka jarumta ce.

Baba Matuƙi:
Hajiya, maganarki na kan hanya, kuma duk wanda ya san teku zai ji ta a ransa. Sai dai ni ina ganin labaran na da aiki. Ka ce wa yaro ya ɗaure ƙarshen igiya, gobe ya manta. Ka ba shi labarin mutumin da ya tsaya yana kallon angarsa na tafiya, ba zai sake ɗaukar anga bai duba ƙarshenta ba. Inda na bi bayanki shi ne kirarin. A yi dariyar wautar, kada a mayar da mai ita gwarzo, kuma mai ba da labari ya faɗi abin da ya kamata a yi.

Hajiya Mai Jirage:
In dai za a haɗa da wannan, Baba, ba ni da ja. Amma a gaya musu abin da ke biyo bayan mutuwar inji, don nan ne dariya ke ƙarewa.

Baba Matuƙi:
Jirgin da ba inji yana juya gefensa ga igiyar ruwa, kuma ta gefe ake kifewa. Abu na farko, kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure maɗaurinta na tsakanin cinyoyi, in ba haka ba rigar kan haye kai a cikin ruwa. Idan anga za ta taɓa ƙasa a sauke ta tun ba a yi nisa ba. Idan zurfi ya yi yawa, a ɗaure bokiti mai ƙarfi ko naɗaɗɗiyar koma a doguwar igiya a sake ta daga goshi, za ta juyo da goshin ya fuskanci ruwa, ta kuma rage gudun tafiya. Ruwa mai jan kilomita 3 a awa, kafin gari ya waye ya kai mutum kilomita 30. Wanda ke zaune a ƙaramin jirgi kuwa, idonsa mita ɗaya da rabi daga ruwa, bai ganin abin da ke kwance a saman ruwa fiye da kilomita 4 da rabi.

José Salvador Alvarenga ya fita daga gaɓar Meziko a Nuwamban 2012 cikin buɗaɗɗen jirgin faiba na kimanin mita 7, hadari ya same su, inji ya mutu, batirin rediyo ya ƙare. Sai a ƙarshen Janairun 2014 ya fito a Tsibiran Marshall, bayan kwana 438. Saurayin da suka fita tare ya rasu a hanya.

Wayar hannu ba abin dogaro ba ce da an yi nisa da gaɓa. A rediyon sadarwa na jiragen ruwa, wato VHF, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, kuma duk jirgin da ke kusa zai ji. Mai hali ya nemi na'urar EPIRB da ke aika wurin da yake ta tauraron ɗan'adam. A ɗauki madubi da tocila da usur, da ruwan sha fiye da na yini ɗaya. Ruwan teku na da gishiri kimanin giram 35 a lita, ƙoda ba ta iya fitar da shi sai ta ƙara da ruwan jiki, shan sa ƙara ƙishi yake yi. Kuma a bar wa wani a tudu bayanin inda aka nufa da lokacin dawowa.

Ƙaramin Masunci:
Saura labarin babban kifin da ya kifar da jirgi. Shi ma gaskiya ne?

Malama Injiniya:
Yawanci ba kifin ba ne, masu kallonsa ne. Kifi ya taso gefen jirgi, mutum huɗu su miƙe tsaye su ruga gefe ɗaya, kusan kilo 300 ya koma kan baki guda, kuma tsayuwa ta ɗaga nauyin sama. Ko manyan jirage ba su tsira daga wannan lissafi ba. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, kafin tafiyarsa ta farko a 1628 an sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe don gwaji, aka tsayar da su bayan zagaye uku saboda yadda yake tangaɗi. Duk da haka aka sake shi. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da ke buɗe, ya nutse a gaban jama'a. A ƙaramin jirgi, mutum biyu ke aiki a gefen kifi, sauran su zauna a ɗaya gefen. Kada a ɗaure zaren babban kifi a baya ko a naɗe shi a hannu, wuƙa kuma ta kasance kusa. A kashe kifin kafin a shigo da shi, don mai rai na iya fizge tiyon mai ko ya karya wa mutum ƙafa.

Hajiya Mai Jirage:
Malama, ana cewa jarkoki marasa komai na hana jirgi nutsewa. Guda nawa?

Malama Injiniya:
Kowace jarkar lita 20 da aka rufe tam tana ɗaga kusan kilo 20, Hajiya. Jirgin katako zalla yakan yi iyo ko ya cika, injinsa da sarƙa ne ke jan sa ƙasa. Faiba kuwa nutsewa take yi, amma a cikin ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ke saura. Jirgin faiba mai kilo 300, a lissafa 100. A ƙara inji 70, batir da anga da sarƙa 40, sannan kilo 15 ga kowane mutum da zai riƙe jirgin yana cikin ruwa, mutum huɗu 60. Jimla 270, wato jarka 14. A sa 16.

Malam Kafinta:
Wurin sa su ya fi yawansu muhimmanci. Idan aka jera su a ƙasan jirgi, ranar da ya cika za su so hawa sama, su juya shi ciki ya koma ƙasa. A ɗaure su a gefe da gefe, can sama ƙarƙashin baki da ƙarƙashin kujeru, a fi yawaita su a baya inda inji yake. Kowace da igiyarta, a zagaya ta jikin haƙarƙari, ba ta hannun jarka kaɗai ba, domin hannun kan tsage. A kare su daga rana, roba na ƙeƙashewa ta fashe. Gwajin kuma a ruwa marar zurfi ake yin sa: a cire inji a ɗaure buhun yashi mai nauyinsa a wurinsa, a cika jirgi da ruwa da gangan, a ga ko ya tsaya daidai bakinsa na sama da ruwa. Idan baya ya nutse a ƙara jarka biyu a can a sake gwadawa.